Wasiƙa Zuwa ga Lambar Jarumtar da Aka Rataya wa Bud Day

Zuwa ga Medal of Honor, babbar lambar jarumta ta sojan Amurka.

Na san ku uku ne a gidanku. Akwai ta sojan ruwa da aka fara a 1861, da ta sojan ƙasa da ta biyo baya a 1862, sai ke auta, ta mayaƙan sama, wadda ba a ƙera ba sai a 1965. Da ke nake magana. Siffar tauraro gare ki mai tsini biyar, koren ganye ya kewaye ki, ga kan mutum-mutumin 'yanci na birnin New York a tsakiyarki. Ba a maƙala ki a ƙirji kamar sauran lambobi, a wuya ake rataya ki da shuɗin ƙyalle mai fararen taurari 13. Doka ta hana a sayar da ke. Janar sukutum kan sara wa mai ɗauke da ke ko da kurtu ne, ba don wata doka ta tilasta shi ba, al'ada ce ta barikinku.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne mutumin da kika sauka a wuyansa ranar 4 ga Maris 1976, lokacin da Shugaba Gerald Ford ya rataya ki ga Kanar George Day, wanda kowa ke kira Bud. Ni a matsayin mai ba da shaida nake kallon ki. An kira ki ki faɗi abu guda a kan mutumin nan, kin kuma faɗi gaskiya. Damuwata ita ce tun daga ranar ake ta jan ki kotu-kotu, ana sa ki shaidar abubuwan da ba a gabanki aka yi su ba.

Bari in fara da abin da kika gani, kada a ce na rage miki daraja.

Ranar 26 ga Agusta 1967 Manjo Day ba yaro ba ne, shekararsa 42. Ya shiga soja a yaƙin duniya na biyu yana ɗan shekara 17, ya dawo ya karanta aikin lauya, sannan ya koma ya koyi tuƙin jirgin yaƙi. Shi ne kwamandan wani rukunin sirri mai suna Misty, masu shawagi ƙasa-ƙasa da jirgin F-100 suna laluben inda abokan gaba suka ɓoye motoci da makamai, su harba hayaƙi a wurin don masu ɗauke da bama-bamai su ga inda za su zuba. Aiki ne na sayar da rai, don kusan ɗaya cikin biyar na matuƙan rukunin sai da aka harbo su. A ranar yana bin sawun wani sansanin makami mai linzami ne a arewa da iyakar da ta raba Biyetnam gida biyu, sai wuta daga ƙasa ta sami jirginsa. Abokin tuƙinsa ya yi sa'a, helikwafta ta zo ta ɗauke shi. Shi kuwa ya dira da laima, hannunsa na dama ya karye wuri uku, gwiwarsa ta hagu ta gurɗe, ido ɗaya ba ya gani, ga dakarun yankin suna jiran sa a ƙasa.

Suka cire masa takalma, suka jefa shi a rami, suka rataye shi ta ƙafa kai a ƙasa. Sai ya yi lamɓo kamar ba ya iya ko motsi, har masu gadinsa suka saki jiki. Bayan kwana biyar ya kwance igiya cikin dare ya faɗa daji ƙafa ba takalmi. Takardar da ta zo tare da ke ta lissafa sauran a taƙaice, cikin busasshen harshen ofis: ya rayu da 'ya'yan itacen daji da ɗanyun kwaɗi, wani bom ko roka ya fashe kusa da shi ɓaraguzai suka shige jikinsa, ya isa kogin Ben Hai ya rungumi guntun gora ya haye. Daga nan hankalinsa ya gushe, ya kasa bambanta gabas da yamma, ya yi kwanaki yana gararamba, jiragen ƙasarsa suna wucewa ta kansa yana yi musu alama ba su gan shi ba. Saura kamar mil biyu ya kai sansanin Amurkawa na Con Thien, mayaƙan Viet Cong suka yi masa kwanton ɓauna suka harbe shi a cinya da hannun hagu. Aka tisa ƙeyarsa har wurin da ya baro, daga can aka wuce da shi Hanoi.

A Hanoi igiya ce babbar masifa. A ɗaure wa mutum hannuwa ta baya, a yi ta ja har gwiwoyin hannun su haɗe, a tanƙwara shi gaba har kansa ya shiga tsakanin ƙafafunsa, kafaɗu su goce daga mazauninsu. A 1969, bayan wasu fursunoni biyu sun gwada gudu an kamo su, ɗaya ma ya mutu a hannun masu gadi, aka sauke fushin a kan manyan hafsoshi. Day ya sha bulala da fanbel ɗin mota kwana da kwanaki, kuma don wannan ne aka ba shi wata lambar, Air Force Cross, mai bi miki a daraja. Da farko sirrin soja ake nema a bakinsa, kuma yana da shi, don kwamandan Misty ya san yadda yaransa ke tashi da inda suke bi. Daga baya abin da ake so shi ne sa hannu a takardar amsa laifi, ko magana a rediyo a la'anci yaƙin. Ƙa'idar da Shugaba Eisenhower ya kafa a 1955 kuwa ta ce sojan da aka kama ya faɗi sunansa da muƙaminsa da lambarsa da ranar haihuwarsa, ya tsaya nan. Shekara biyar da kusan wata bakwai ya yi a haka. Ranar 14 ga Maris 1973 aka sake shi, ɗaya daga cikin fursunoni 591 da suka koma gida bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta Paris.

Akwai abin da takardarki ba ta ambata ba, wanda ni ya fi burge ni. A Disambar 1967 aka shigo da wani matuƙin jirgin sojan ruwa ɗakin da Day yake tare da Manjo Norris Overly. Hannuwansa biyu a karye, ƙafa a karye, ya rame ƙashi da fata, kansa ya yi fari fat. Day ya ce bai zaci mutumin zai rayu ba. Shi ne John McCain, wanda daga baya ya zama sanata. Overly, wanda ya fi su ƙarfin jiki, shi ya riƙa yi masa wanka yana ba shi abinci a baki, Day kuma yana taya shi da abin da ya rage masa. Daga baya, kamar yadda Day ya riƙa ba da labari, McCain ne ya tsinto guntayen gora ya yage bandejinsa ya yi masa ɗori a hannu. In an raba fursunoni ɗaki-ɗaki kuma, bango ne wayarsu. Sun jera haruffa 25 layi biyar-biyar, sun jefar da K suna aron C a madadinta. Ƙwanƙwasa ta farko ta nuna layi, ta biyu ta nuna gurbin harafi. Da wannan suke isar da umarni, da sunayen sababbin kamu, da sai da safe. A Fabrairun 1971, da masu gadi suka afka musu da bindigogi saboda sun taru suna ibada, Day ne ya ɗaga murya ya kama taken ƙasarsu, sauran suka amsa.

Duk wannan na karɓa. Wanda ya ce wannan ba jarumta ba ce, ƙiyayya ce ta rufe masa ido.

Amma ki dubi sahun da ke bayansa. Kusan duk wanda aka sa wa igiyar nan sai da ya faɗi wani abu, kuma fursunonin sun fi kowa sanin haka. Shi ya sa suka yi wa kansu doka a cikin kurkuku: ka jure iya ƙarfinka, in ka kai maƙura ka ba su ƙarya ko abin da ba shi da amfani, in ka farfaɗo ka gaya wa 'yan'uwanka abin da ka faɗa, gobe ka sake tirjewa. McCain kansa ya sa hannu a takardar amsa laifi a 1968 bayan kwanaki ana jibgarsa, har ya nemi kashe kansa, kuma abin bai daina cin ransa ba. Da aka koma gida a 1973, wani Kanar Ted Guy ya kai ƙarar ƙananan sojoji takwas, ya ce sun haɗa kai da abokan gaba. Ɗaya daga cikinsu, Saje Abel Kavanaugh, ɗan shekara 24, ya harbe kansa a watan Yuni. Bayan 'yan kwanaki aka janye tuhumar. Sai a 1977 Shugaba Carter ya sassauta lafazin ƙa'idar nan, aka amince a fakaice cewa jikin ɗan Adam yana da iyaka. Ke ba ki ce waɗanda suka karye matsorata ne ba, na sani. Amma in an ɗaga mutum ɗaya sama haka, jama'a su kan ƙarasa zancen da bakinsu. Ana kuma iya juya shi ta ɗaya gefen: a 2015, a jihar Iowa inda aka haifi Day, Donald Trump ya ce shi ya fi son waɗanda ba a kama ba, McCain yake nufi, kuma hakan bai hana shi cin zaɓe ba.

Sai maganar da ta fi nauyi. Labarinki ya fara ne daga lokacin da mutumin ya faɗo. Ba ki ce komai ba game da abin da ya kai shi sararin samaniyar wata ƙasa, ko waɗanda ke ƙarƙashin hayaƙin da yake harbawa. Yankin da ke arewa da kogin Ben Hai yana cikin wuraren da suka fi shan bom a duk yaƙin. Mutanen ƙauyen Vinh Moc da suka rasa inda za su sa kansu, ƙasa suka haƙa, hawa uku, zurfin fiye da mita 20, iyalai kusan 60 suka tare a ciki, da rijiya da ɗakin haihuwa, har aka haifi jarirai 17 a can ƙarƙashin. Amurka ta zuba fiye da tan miliyan 7 na bom a Biyetnam da Laos da Kambodiya, abin da ya ninka wanda ta jefa a yaƙin duniya na biyu fiye da sau uku. An rubuta sunayen Amurkawa sama da 58,000 a bangon tunawa na Washington. A 1995 gwamnatin Biyetnam ta ce nata mamatan sun kai farar hula kusan miliyan 2 da mayaƙa fiye da miliyan 1, kuma har yau manoman lardin Quang Tri na tono bom da fartanya. Dakarun da suka rataye Day kai a ƙasa sun yi zalunci, ban wanke su ba. Amma ba daga sama suka faɗo ba, shi ne ya faɗo musu daga sama.

Kurkukun Hoa Lo na Hanoi ma, wanda Amurkawa suka yi wa laƙabin otal don ba'a, Faransawa ne suka gina shi a ƙarshen ƙarni na 19, kuma 'yan kishin ƙasar Biyetnam ne suka fara ɗanɗana marin ƙafarsa da injin fille kai da ke cikinsa. A ɓangaren Kudu, inda Amurka ke ɗaure wa gwamnati gindi, a 1970 aka bankaɗo kejin da ake kira na damisa a tsibirin Con Son, inda ake cusa fursunoni ana watsa musu farar ƙasa daga sama har wasu suka gurgunce. A cikinsu akwai waɗanda suka jure irin juriyar Day, kuma labarinsu bai kai kunnenki ba. Don haka duk mai ɗaga ki ya ce ga hujjar cewa yaƙin na gaskiya ne, ya yi miki ƙazafi. Jarumi kan samu kansa a yaƙin da bai kamata a yi ba, kuma tarihi cike yake da su.

Ko a gidanku ba kullum ake dace ba. Yayarki ta sojan ƙasa an raba ta ga sojoji kusan 20 bayan kisan Wounded Knee na 1890, inda aka hallaka ɗaruruwan 'yan ƙabilar Lakota, da yawansu mata da yara. Baƙar fata kuwa ko ɗaya bai same ta ba a yaƙin duniya na biyu sai a 1997, lokacin da Shugaba Clinton ya ba mutum bakwai, shida sun riga sun rasu, Vernon Baker kaɗai ya karɓa da hannunsa. Inda hannu ya kai ku, nan kuke sauka.

Hannun da ya ba da ke ɗin ma, Day ya san halinsa daga baya. Ya yi ritaya a 1977 da lambobi kusan 70, ya koma aikin lauya a Florida. A 1996 ya maka gwamnatin ƙasarsa a kotu a madadin tsofaffin sojojin yaƙin duniya da na Koriya. Masu ɗaukar soja sun yi musu alkawari cewa duk wanda ya yi shekara 20 yana aiki, za a duba lafiyarsa kyauta har ya mutu. Da suka tsufa sai asibitocin soja suka fara juya su. Abin mamaki, gwamnati ba ta musa an yi alkawarin ba. Cewa ta yi waɗanda suka yi shi ba su da hurumin yin sa, tunda majalisa ba ta ba da izini ba. Day ya yi nasara a 2001 a gaban alƙalai uku, sai cikakken zaman kotun ɗaukaka ƙara ya rushe hukuncin a Nuwamban 2002, alƙalai 9 suka rinjayi 4, kotun ƙoli kuma ta ƙi sauraron ƙarar a 2003. Hayaniyar dai ba ta tashi a banza ba, don majalisa ta fito da wani tsarin kula da lafiyar 'yan fanshon soja a wannan tsakanin. Ni a ganina shekarun nan na zaryar kotu sun cancanci a lissafa su cikin jarumtarsa, ko da yake ba a ba da lamba a kansu. Ƙarfe da ƙyalle ba su da tsada, kuɗin magani ne gwamnati ke jin zafin fitarwa. Ya rasu ranar 27 ga Yuli 2013, sai a 2018 aka ƙara masa girma zuwa Birgediya Janar, yana kabari.

Yanzu ga wadda ta taɓa ni kai tsaye. A Yulin 2008, Day yana yi wa McCain yaƙin neman zaɓen shugaban ƙasa, ya gaya wa 'yan jarida wai Musulmi sun ce ko a durƙusa musu ko su yi kisa, shi kuwa ba zai durƙusa ba. Bai ce 'yan ta'adda ba, Musulmi ya ce, kuɗin goro, mutum fiye da biliyan ɗaya, har da ni mai wannan rubutu, har da Musulmin da ke sanye da kakin sojan Amurka a lokacin. Mutanen McCain suka yi saurin gyara zancen, suka ce da masu tsattsauran ra'ayi ake. Kafin nan, a 2004, ya fito a tallace-tallacen da aka yi don ɓata John Kerry, shi ma tsohon sojan Biyetnam, waɗanda McCain da kansa ya yi tir da na farkonsu. Yana da 'yancin ra'ayinsa. Amma me ya sa 'yan siyasa ke rububin sa? Saboda ke. Suna so mai sauraro ya ji kunyar musa wa mutumin da ya ci ɗanyun kwaɗi don ƙasarsa. To, jure bulala ba ya koya wa mutum sanin addinin da bai karanta ba. Ina girmama abin da ya yi a 1967, ina kuma cewa abin da ya faɗa a 2008 jahilci ne, kuma ban ga inda ɗaya ya ci karo da ɗaya ba.

Akwai dai shari'a guda da nake ganin kina da bakin magana a cikinta, kuma a nan ne aka fi son ki yi shiru. Biyetnam ta Arewa ta shiga yarjejeniyar Geneva ta kare fursunonin yaƙi tun 1957. Da aka tambaye ta dalilin azabtar da matuƙan jirgi, sai ta ce ai waɗannan ba fursunonin yaƙi ba ne, masu laifi ne, yarjejeniyar ba ta shafe su ba. A Fabrairun 2002 gwamnatin George Bush ta yanke cewa waɗanda ta kama daga Taliban da Alƙa'ida ba su cancanci matsayin fursunonin yaƙi ba. Hujjar ɗaya ce, bakin da ya faɗe ta ne ya sauya. A Nuwamban 2003 wani ɗan Iraƙi, Manadel al-Jamadi, ya mutu a kurkukun Abu Ghraib ana yi masa tambayoyi, an ɗaure hannuwansa ta baya an maƙale su a ƙarfen taga, nauyin jikinsa yana jan kafaɗunsa. Duk wanda ya zauna a Hoa Lo ya san wannan ɗaurin. McCain, wanda har ya mutu ba ya iya ɗaga hannu sama da kafaɗa, shi ya kawo ƙudurin hana azabtar da tsararru a 2005, majalisar dattawa ta amince da ƙuri'a 90 da 9. Ya kan ba da labarin yadda aka matsa masa ya faɗi sunayen abokan aikinsa, shi kuwa ya lissafa musu 'yan wasan wata ƙungiyar ƙwallo. A Disambar 2014 rahoton kwamitin majalisar dattawa a kan hukumar leƙen asiri ta CIA ya ce azabar ba ta kasance hanyar samun sahihin bayani ba, McCain kuma ya tashi a zauren ya goyi bayan fitar da rahoton, alhali yawancin 'yan jam'iyyarsa na suka.

Wannan magana ba ta mutu ba, don har yanzu akwai masu cewa a dawo da azabar, wai tana aiki. In an sake ta da zancen, ina roƙon ki buɗe takardarki ki karanta musu layin da ke ciki tun 1976, da hatimin gwamnatinsu a kai: mutum ne da aka karya, aka harba, aka kai shi inda ba ya iya yi wa kansa komai, kuma abin da masu tambaya suka samu daga bakinsa bayanan ƙarya ne.

Wassalam.